Da Hagler ya hau ajin kilo 79, da ya ƙwace kambun Spinks?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Daga unguwar Zariya nake rubuto maka, nan cikin Maraɗi. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu. Akwai wani yayanmu da ya kalli damben Marvin Hagler, zakaran ajin matsakaita nauyi, tun zamanin kaset, ya kafe a kan cewa da Hagler ya ga dama, da ya hau ajin kilo 79 ya ƙwace kambun Michael Spinks, don ba a taɓa sumar da shi ba. Mu kuma muka ce ai mun ga yadda Bivol ya doke Canelo a 2022, da Canelo ya hau ajin kilo 79. Sai ya ce mu je filin kokawa mu gani, ba a auna kowa a gasar takobi, kuma ƙaramin jiki yana kayar da ƙato. To Malam, kilo bakwai ne fa kawai tsakanin ajin nan biyu. Har sun isa su tare gwani irin Hagler? Allah ya ƙara basira.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gai da yayan naku, ka ce masa bai faɗi warwas ba, amma bai ci gardamar ba. Hagler na 1983 zuwa 1985 zai iya doke da dama daga cikin waɗanda suka taɓa riƙe kambu a ajin kilo 79. Spinks dai ba ya cikinsu. Da za a haɗa su sau biyar, ina ba Spinks huɗu, galibi da maki.

Mu fara da sikeli. Iyakar ajin matsakaita nauyi fam 160 ce, wato kilo 72 da rabi. Ajin Spinks iyakarsa fam 175, kilo 79 da ɗan ɗoriya. A yau akwai matakala a tsakiya, ajin kilo 76, amma sai a 1984 aka fara ba da kambunsa, kuma ya daɗe kafin manyan ƴan dambe su ɗauke shi da daraja. Ke nan a zamanin Hagler mai son hawa sai ya yi tsalle guda. Ka tuna Issaka Dabore namu da ya ciyo wa Nijar tagulla a gasar Olamfik ta Munik a 1972: a ajin kilo 63 da rabi ya yi dambe, kuma ajin da ke samansa kilo 67 ne. Kilo uku da rabi ke nan aka ga sun isa a raba mutane gida biyu. Kai kuma kana maganar ninkinsu.

Kuma sikelin ma ba ya faɗin gaskiya duka. Mutum biyu za su hau, kowa ya nuna 79, amma hanyar da suka biyo daban. Ɗaya ci ya yi ta yi, yana ɗaga ƙarfe, har ya kai can. Ɗayan kuwa ainihin jikinsa ya haura 85, sai ya yi makonni yana rage ci, a kwanakin ƙarshe ya matse ruwan jikinsa, ya taka sikeli, ya sauka ya kama kwankwaɗar ruwa. A zamanin da, ranar dambe da safe ake awo, don haka ba ya samun lokacin mayar da komai da komai. Yanzu da ake awo tun jajibiri, kafin a buga ƙararrawa ya koma kusan yadda yake. Wanda ya hauro daga ƙasa ba shi da abin da zai mayar. Ƙashin kafaɗa, faɗin baya, kaurin wuyan hannu, waɗannan tuwo ba ya ba da su.

Abin da kilo bakwai ke yi a cikin fage sai wanda ya taɓa shiga gwajin hannu da wanda ya fi shi jiki. Tiya uku ta gero ce fa. Ka saɓa ta daga cikin kasuwa zuwa bakin titi, ba za ka ji komai ba. Ka rataya ta a wuya ka yi ta tsalle da kai-komo minti 45, wato turmi 15 na minti uku-uku, sai ka ba da labari. Duk lokacin da aka cakumi juna, babban zai kwantar maka da ƙirjinsa, ya ɗora damtsensa a bayan wuyanka, ya bar ka kana ɗauke da shi har alƙali ya raba. Ba a ba shi maki a kan wannan, masu kallo ma ba su lura, amma cinyoyinka suna ƙirgawa. Sannan naushinsa ko ka tare da safa sai ya gusar da kai taku guda, kafin ka gyara tsayuwa ka rama ya riga ya janye. Naka naushin kuwa, wanda a ajinku kake kai shi sau ɗaya mutum ya ja baya ya ba ka numfashi, a nan sai ka kai uku yana nan tsaye yana kallonka. Turmi shida na farko ba a cika ganin bambancin ba. Daga na tara ake fara biyan bashi.

Shi ya sa misalin kokawa bai zauna ba, duk da daɗinsa. A kokawa ƙiftawar ido guda ta isa: ka ɗauke ƙafar mutum, ya taɓa ƙasa, an gama, makaɗa sun ɗauka. Dabara tana iya yanke wa ƙarfi hanzari tun bai fara aiki ba. Damben zamani kuwa ko ka kai mutum ƙasa yana da ƙirga goma ya tashi, kuma sauran turamen suna nan suna jiranka. Ban da haka, tun gasar ƙasa ta farko da Kantu ya ciyo wa Maraɗi a Tawa a 1975, a duba jikin masu kaiwa karon ƙarshe. Ba a cika ganin siriri a cikinsu ba.

Tarihi ya gwada wannan tsallen sau da yawa. Ranar 25 ga Yuni 1952, a filin Yankee na birnin Niyok, Sugar Ray Robinson, wanda masana da yawa ke ɗauka ba a yi kamarsa ba, ya hauro daga ajin matsakaita ya nemi kambun Joey Maxim na ajin kilo 79. Robinson ya auna kilo 71 da ɗan abu, Maxim 78 da rabi. Zafi a cikin fagen ya kai digiri 40, kuma kai ɗan Maraɗi ba sai an yi maka bayanin wannan ba. Alƙalin fage, Ruby Goldstein, ya kasa ci gaba bayan turmi na 10, aka kawo wani. Robinson yana gaba da nisa a takardun alƙalai duka uku. A turmi na 13 ya kai wani naushin dama da dukan ƙarfinsa, ya sami iska, ya kife da fuska a ƙasa ba tare da an taɓa shi ba. Da aka buga na 14 bai iya tashi daga kujera ba. Ana cewa zafi ne ya ci shi, kuma haka ne, sai dai zafin bai zaɓi mutum ɗaya ba. Robinson dole ya yi ta zagaye, shiga da fita, don kada babban ya kama shi. Maxim, wanda ko nauyin hannu ba shi da shi, tafiya kawai yake yi yana jingina. Bayan shekara uku Bobo Olson ya gwada da Archie Moore, turmi uku ya yi.

Wanda ya fi kama da Hagler a wurina shi ne maƙwabcinmu na Najeriya, Dick Tiger. Gajere ne kakkaura, tsayinsa kimanin santimita 173, ga ƙarfi ga taurin haɓa. Ya karɓi kambun matsakaita a hannun Gene Fullmer a 1962, ya sake doke shi a Badun a 1963. Bayan Emile Griffith ya raba shi da kambun a 1966, sai ya hau sama yana da shekara 37, ya doke José Torres, mai kambun ajin kilo 79, a watan Disamba na shekarar, ya kuma maimaita a 1967. Yayanku zai ji daɗin wannan. Amma a lura da ko wane ne Torres: bai fi Tiger tsayi sosai ba, kuma salonsa na dunƙulewa ne ya matso kusa, hannaye a kumatu. Wato ya kawo kansa inda gajerun hannayen Tiger suke isa.

Sai ga Bob Foster, ranar 24 ga Mayu 1968, a zauren Madison Square Garden. Dogo ne siriri, santimita 191, in ya buɗe hannaye sun kai mita biyu. Ka nemi hoton damben ka kalla, yana nan a intanet. Tiger yana sunkuyawa yana neman hanyar shiga ƙarƙashin dogon hannun hagun nan, ya ɗan samu a farko. A turmi na huɗu, yana cikin matsowa, Foster ya ɗago shi da dama daga ƙasa, ya bi da ƙugiyar hagu gajeriya a muƙamuƙi. Tiger ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi dandamali, ya yi ta yunƙurin tashi ƙafafu suka ƙi. Mutumin da ya sha naushin manyan ajin matsakaita shekara da shekaru ba a sumar da shi ba, wannan ne karo ɗaya tak da aka ƙirga masa goma. Taurin haɓa da ajinsa ake auna shi. Tiger guda ne ya ci Torres ya kuma faɗi a hannun Foster, cikin wata 18. Abin da ya sauya shi ne irin jikin da ke gabansa.

Waɗanda suka hau suka zauna daram kuwa, ka dubi ƙirarsu. Thomas Hearns ya faro daga ajin kilo 66 da rabi, amma tsayinsa santimita 185, hannaye kusan mita biyu. Ya tsayar da Dennis Andries a 1987, ya ci Virgil Hill da maki a 1991, duk daga nesa yake aikinsa. Bernard Hopkins damben kuɗinsa na farko ma a 1988 a saman ya yi shi, daga baya ya matse kansa ya sauko ya kare kambun matsakaita sau 20, don haka da ya doke Antonio Tarver a 2006 gida ya koma. Roy Jones saurinsa ya sa ba a taɓa shi balle a jingina da shi, har ya je ya ci John Ruiz a ajin masu nauyi a 2003. Irinsa ba a kafa hujja da shi. Ray Leonard kuwa wayo ya yi: a 1988 ya sa Donny Lalonde ya sauko kilo 76 kafin su kara, kuma duk da haka Lalonde ya kai shi ƙasa a turmi na huɗu kafin Leonard ya gama da shi a na tara.

Misalinku na Canelo yana da kyau, amma ku faɗe shi duka. A Nuwamban 2019 ya shimfiɗe Sergey Kovalev a turmi na 11. Kovalev na da shekara 36, mako goma kacal da fitowarsa daga dambe mai wuya da Anthony Yarde, kuma yarjejeniya ta ƙayyade nauyin da zai iya mayarwa bayan awo. Dmitry Bivol a Mayun 2022 yana kan ganiyarsa. Canelo ya yi ta dukan damatsansa, dabarar da ke sa hannayen ƴan ajinsa su sauka, Bivol ko gezau. Alƙalai uku duka suka ba Bivol nasara da maki 115 da 113, kuma ni a ganina sun yi wa Canelo kara.

Yanzu ga Hagler kansa. Abin da ke wajensa ba kaɗan ba ne. Ya karɓi kambu a hannun Alan Minter a Landan a 1980, ya kare shi sau 12, ya riƙe har 1987. A dambe 67 sau ɗaya aka rubuta an kai shi ƙasa, a karonsa da Juan Roldán a 1984, kuma wanda ya kalla ya san santsi ne. Ya shanye daman Hearns a 1985, ya shanye na John Mugabi ɗan Yuganda a 1986. Bahago ne a tsayuwa alhali damansa ne mai ƙarfi, don haka hannun da yake tsokana da shi a gaba naushi ne sosai, kuma yana juyawa ya koma tsayuwar dama a tsakiyar turmi. Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba: duk da tsayinsa bai wuce santimita 177 ba, buɗin hannayensa ya kai 191, na Spinks kuma 193. A nan ya fi Tiger nesa ba kusa ba, ƙafafunsa ma sun fi na Tiger iya yanke fage.

Amma ka dubi sikelinsa. Shekara da shekaru yana hawa da kilo 71 zuwa 72, wani lokaci ma bai cika iyakar ba. Jikinsa ke nan, ba matsewa yake yi ba. Spinks kuwa tsayinsa kimanin santimita 189, kuma a Satumban 1985 ya ɗauki kusan kilo 91 ya je ya ƙwace kambun masu nauyi a hannun Larry Holmes, ya yi turmi 15 da shi. Wannan ƙirar ce za ta tsaya a gaban Hagler, ko da sikeli ya ce 79.

Kuma an riga an yi gwajin da ya fi kusa da tambayarka. A watan Maris 1983, a Atlantic City, Spinks ya haɗu da Dwight Muhammad Qawi don haɗe kambuna. Qawi ya fi Hagler gajarta, amma ɗan ajin ne na asali, ya tsayar da Matthew Saad Muhammad sau biyu, kuma ba ya ja da baya. Spinks ya yi turmi 15 yana sa masa hannun hagu a fuska, yana zamewa gefe, in an matso ya riƙe, in Qawi ya yi sakaci ya sakar masa dama. Dambe ne marar daɗin kallo, amma ya ci shi sarai. Bahagon ma bai dame shi ba: Marvin Johnson bahago ne, tsohon mai kambu, Spinks ya kwantar da shi da naushin hagu guda a turmi na huɗu a 1981. A ajin kilo 79 ba wanda ya taɓa cin Spinks.

Sai kuma raunin Hagler, wanda masoyansa ba su son a taɓo. In mutum ya zo masa da faɗa, kamar Hearns, ya gama da shi. In mutum ya ƙi zuwa, ya sa shi tunani, sai ya riƙa jinkiri yana ba abokin karo girman da ya wuce kima. Roberto Durán daga ajin kilo 61 ya hauro, amma a 1983 bayan turmi 13 yana gaba a takardun alƙalai biyu, sai da Hagler ya ƙwace biyun ƙarshe ya tsira. Da Leonard a 1987 ya zubar da turamen farko yana dambe a tsayuwar dama. Spinks kuwa gwanin ɓata wa mutum lissafi ne, motsinsa a karkace, naushinsa na fitowa ta inda ba a zata ba.

Ga yadda nake ganin damben. Spinks ba ya fara wasa da wuri, don haka Hagler zai iya ɗaukar uku daga cikin biyar na farko da hannun gabansa da dukan ciki. Wajen na shida ko na bakwai daman Spinks zai sauka sau ɗaya da kyau. Ba na jin Hagler zai faɗi, amma zai san cewa shigar da yake yi wa ƴan ajinsa kai tsaye tana da tsada a nan, sai ya rage. Da ya rage, dambe ya koma nesa, inda tsayi ke mulki. In ya ƙi ragewa ya kutsa, sai riƙo da jingina, kilo bakwai su fara aikinsu. Babban makamin Hagler shi ne ya fi kowa ƙarfi a turamen ƙarshe, ya murƙushe mutum a hankali. Wannan makamin ne daidai ba ya hawa matakala tare da mai shi. Hanyarsa ɗaya ita ce ya mayar da abin faɗan turmi uku irin na Hearns, kuma Spinks ba zai karɓi gayyatar ba.

Shi kansa Hagler bai taɓa gwadawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kuɗin yana wajen ƙananan da ke haurowa su same shi, su Durán da Hearns da Leonard. Iya ruwa fidda kai.

Inda yayanku zai sami abin riƙewa shi ne bayan Spinks ya tafi a 1985, kambunan suka watsu. Bobby Czyz, wanda ya ɗauki ɗaya a 1986, ɗan ajin matsakaita ne da Mustafa Hamsho ya doke a 1982, Hamsho ɗin da Hagler ya tsayar sau biyu, a 1981 da 1984. Lissafin wane ya ci wane ba ya cika aiki a dambe, amma a nan salon ma ya ba Hagler: Czyz ba dogo ba ne, kuma yana son musayar hannu. Andries ƙarfi gare shi ba fasaha, Hagler zai yi ta cin sa da maki. Lalonde hannu ɗaya yake da shi, na dama. Waɗannan uku na ba Hagler ba tare da dogon tunani ba, ko da yake a lokacin shi ma ya fara gangarowa. Virgil Hill mai gudu da hannun hagu zai ba shi ciwon kai irin na Leonard. Saad Muhammad na 1979 zuwa 1980 kuwa raba-daidai ne, don ana samunsa da naushi cikin sauƙi, sai dai a turamen ƙarshe yake farfaɗowa, daidai lokacin da nauyi ke fara magana. Qawi shi ne wanda zan so a ce an yi: gajeru biyu, ba mai ja da baya, kuma a nan Hagler ne zai zama dogon. Zai yi dambe daga nesa da hannun damansa, yana zagaye, kamar yadda ya yi wa Bennie Briscoe a 1978. A turmi 12 na ba shi da ƙyar. A turmi 15 na ba Qawi.